Kular Ƙanƙara a Kan Iyakar Jibiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya ina auna bulala tamanin, ina ganin kamar da sauƙi.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'a ba, masu ƙishirwa sun koma tsallakawa Nijar suna shan abinsu. Ni abin da ke kai ni Maraɗi daban ne. Mun daɗe da aure babu haihuwa, dangi sun ɗora wa matata Hajara laifi, ana ta ɗura mata jiƙe-jiƙe, ni kuwa ina majalisa ina ba da dariya. Da likita ya gwada maniyyina a ɓoye, sai ya ce ƙwayoyin suna nan birjik, motsi ne ba sa yi. (Ni suka gado. Ko ni da ƙyar nake barin tabarma.) Ya haɗa ni da wata allura mai zaburar da su, ya ce kada ta rabu da sanyi.

Ina dawowa da kula cike da ƙanƙara, sai ga surukina, mahaifin Hajara, ya shigo motarmu daga ta'aziyya. Na gaishe shi, na ƙara rungume kula.

A kan iyaka samari masu farautar giya suka tsayar da mu, wani yaro a cikinsu ya leƙo.

"Alhaji, mi ke cikin kular ga?"

"Fura."

Ya girgiza ta. Kwalabe suka amsa.

"Furarku ta Maraɗi har ƙara takai?"

Na hau lissafi. Bulala ai mako guda ta warke, maganar allurar nan kuwa har kabari. Sai surukina ya ce a hankali, "Malam Bala, in abin da suke zato ne, yau ɗiyata gidana za ta kwana."

Na faɗi gaskiya ƙasa-ƙasa. Yaron ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya: "Allurar haihuwa ce. Tawa ce. Matsalar daga gare ni take."

Wani ɗan dako ya juya ya isar wa na baya, kada a bar kowa cikin duhu. Ina jin har tumakin da ke saman mota sun ji.

Surukina bai dube ni ba. Sai da muka shiga gari ya ce, "To, a bar yarinya ta huta da saiwoyi."

Ta huta, alhamdu lillahi. Ni ne har yau direbobin tasha ke tambaya, "Malam Bala, ya mutanen? Sun fara tattaki?"

Na gaji da amsawa. Abin da na koya dai, maganar da ka kasa faɗa wa mutum ɗaya a ɗaki, a tasha za ka faɗe ta, kuma sai an ce ka maimaita.