Na-Riga-Na-Sani Ya Gyara Na'urar Nesa

Allah ya ƙara wa Injiniya Na-Riga-Na-Sani ɗaukaka. Mutum ne da takardun shaidarsa suka cinye bangon ofis har agogo ya rasa wurin rataya. Ba a tambayarsa sau biyu, domin kafin ka rufe baki ya ba ka amsar abin da ba ka tambaya ba.

Ranar da shugabar kamfani ta zo zaɓen wanda zai riƙe mabuɗin na'urorin rassa, Injiniya ya sha turare ya gyara zama.

"Ranki ya daɗe, daga kujerar nan nake juya kwamfutar da ke nisan kwana guda. Tsorona take ji."

Ya aika umarni. Na'urar nesa ta ce ba ta san wannan umarni ba. Ya sake, ta sake. Abin haushi, in ya buɗe ta daga nan da sunansa ya shiga cikinta ya rubuta da kansa, aiki take yi sumul.

Wata tsohuwar ma'aikaciya, wadda yake kira Baba Mai Waya don raini, ta matso.

"Injiniya, in ka shiga, tana karanta jerin wuraren da za ta nemi umarni. In aike ka yi daga nan, ba ta buɗe wannan jerin. Rubuta mata cikakken adireshin umarnin, ko ka ƙara wurin da ka ajiye shi a kan jerin da take gani."

"Baba, koma kan wayoyinki. Wannan ilimi ne."

Ya ɗauki rabin shawarar a ɓoye. Maimakon ya ƙara, sai ya share jerin kakaf ya saka wurinsa shi kaɗai, don a ganinsa in yana wuri ba a buƙatar kowa. Garin neman gira aka rasa ido. Na'ura ta manta har umarnin nuna fayil. Duk abin da ya buga, ba ta sani ba.

"Maƙiya ne suka yi kutse," in ji shi, gumi na wanke turaren.

Baba ta ja kujera, ta kira kowane umarni da cikakken adireshinsa, ta mayar da jerin. Layi uku.

Shugaba ta ce Injiniya ya bayyana abin da Baba ta yi. Ya yi tari, ya ce wannan sai an kira taron bita.

Mabuɗi dai Baba aka ba. Shi kuwa an sa sunansa na farko a taron bitar, cikin masu koyo.