Dokta Pettibone da Makin Hutun Bazara

Idan ana lissafa manyan mutanen da jihar Indiana ta haifa, ku fara da Dokta Lyle Pettibone, sannan ku sha ruwa ku huta, don kafin a kai ga na biyu akwai tafiya. Shi ne jami'in tantance 'yan wasa na Kwalejin Cedar Bluff. Duk ɗalibin da ya baro wata makaranta ya zo tamu don ya buga ƙwallon kwando, ko tsawonsa ya kai ƙofar coci, sai ya rusuna gaban teburin Dokta kafin ya taɓa ƙwallo. Ɗalibai suna kiransa Sarkin Sakin Layi. Ya ji, ya kuma ɗauka naɗi ne.

Bai taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba, kuma wannan bai rage masa komai ba. "Tsalle ai ba gwaninta ba ce," in ji shi, yana gyara ƙaramin nakatayen da ke ɗaure a wuyansa. "Akuya ma tana tsalle. Amma a kawo mini akuyar da ta san sashe na goma sha huɗu na kundin dokoki." Har yau ba a kawo ba, don haka gaskiya tana wajensa.

Sa hannunsa kuwa biki ne. Sai ya zaunar da ɗan wasa da uwarsa, ya yi musu wa'azin minti arba'in kan tarihin dokar sauya makaranta, ya hura wa gilashinsa iska, sannan ya zaro alƙalami kamar mai zare takobi. Wata uwa ta taɓa yin barci har da minshari. Ya ce girman al'amarin ne ya rinjaye ta.

To, a wannan shekarar Koci Marvin Tillery ya haɗa ƙungiya ta gani ta faɗa. 'Yan wasa goma sha biyu, takwas daga cikinsu tsintowa ya yi daga wasu makarantu. Wasa ɗaya ya rage, ranar Asabar, da maƙwabtanmu na Harlan Ridge, kuma wanda ya ci shi zai tafi babbar gasar watan Maris. Shekara goma sha tara rabonmu da ita. Gari ya rikice. Mai aski yana aske lambar 'yan wasa a ƙeyar yara, fasto ya gajarta huɗuba don a je kallon atisaye, jaridar gari ta buga hoton Koci mai faɗin tabarma.

Dokta ya duba jaridar gaba da baya, har shafin sanarwar rasuwa, bai ga sunansa ba. Nan ya yanke shawarar zai ci wasan nan daga kan kujerarsa.

Abin tsoron kowa shi ne Tavion Mabry, dodon Harlan Ridge, wanda shi ma sauya makaranta ya yi. Dokta ya shiga kundin dokokin hukumar gasar yankinmu kamar gara a itace, har ya tono wani tsohon sashe da kowa ya manta da shi. Sashen ya ce mai sauya makaranta sai ya zo da makin darussa ashirin da huɗu, kuma na kwas ɗin hutun bazara ba ya cikin lissafi. Tavion yana da ashirin da ɗaya, ya cike ukun da kwas ɗin bazara. Dokta ya tashi ya yi rawa shi kaɗai a ofis, rawar da ta tabbatar ba a yi asarar ɗan wasa ba da ya zaɓi aikin ofis.

Sakatariyarsa, Misis Loretta, ta tambaye shi ko ya leƙa fayil ɗin namu yaran kafin ya kai ƙarar Tavion gaban hukuma.

"Loretta, ni na sa musu hannu," ya ce. "Kina so rana ta kunna fitila ta duba kanta?"

Ya aika da shafi goma sha ɗaya. Amsa ta iso ranar Alhamis. Ya karanta layin farko, ya ga an ce an gode masa kuma yana kan daidai, sai ya ninke takardar. Abin daɗi ba a cinye shi a ɓoye. Ya kira Koci, da shugabar sashen wasanni Misis Vandergriff, da duk wanda ke da ƙafa, ya sayo donot, fanken Turawa, kwali biyu, ya hau kan ɗan dandamali.

"Jama'a," ya ce, "wasu da gumi suke yaƙi, wasu da ƙwaƙwalwa. Ku saurara."

Ya karanta cewa hukuma ta farfaɗo da sashen, kuma daga yau ya hau kan kowace makaranta. Harlan Ridge: Tavion Mabry, an dakatar. Ɗaki ya ɗauki tafi, wani har ya rungume shi. Dokta ya ɗaga hannu irin na sarakuna, ya juya shafi, ya ci gaba da murya mai zaƙi. Cedar Bluff, in ji takardar. Ya karanta suna na farko da ƙarfi, na biyu a hankali, na ukun sai da Loretta ta karɓa ta ƙarasa masa. Takwas cif. Ai kowa ya san da kwas ɗin bazara ake cike maki a ƙasar nan, kowa banda mai sa hannu.

Koci Tillery ya ajiye rabin donot ɗinsa, ya ƙirga yatsunsa, ya sake ƙirgawa.

"Dokta, mutum nawa ake fara wasa da su?"

"Biyar," in ji Dokta nan take. "Sashe na uku." Har ya ɗan yi murmushi, don dai bai taɓa faɗuwa tambaya ba.

Koci bai karaya ba. Ya zagaya makaranta, ya samo wani zanƙalelen ɗalibi mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗa, ya jawo shi har ofishin Dokta don ya cike na biyar. Dokta ya dube shi da tausayi, ya ce tantance sabon ɗan wasa kwana goma ne na aiki, kuma shi ba mutumin da ke karya doka ba ne don an matsu. Abin da Koci ya faɗa a nan, ni dai tarbiyyata ba ta bar ni in maimaita ba.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil, gugguru yana ƙamshi, yaranmu huɗu suna tsaye kamar ƙafafun tebur. Alƙalin wasa ya ƙirga su, ya busa usur, ya ba Harlan Ridge wasa ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Magoya bayansu suka miƙe suna rera, "Pe-tti-bone! Pe-tti-bone!" Shi kuwa ya tashi daga kujerarsa, ya dafa ƙirji, ya rusuna musu sau uku. Ya ce wa na kusa da shi ilimi ko a wajen abokan gaba ba ya ɓuya.

Da safiyar Litinin Misis Vandergriff ta mayar da shi ofishin raba takardun izinin ajiye motoci, can bayan wurin wanki. Ya tambaya cikin ƙasaita ko wane kwamiti ne zai tantance cancantarsa, kuma kwana nawa za a ɗauka.

"Babu ko ɗaya, Lyle," ta ce. "Kai ka cancanta tun jiya."