Ranar Da Na'ura Ta Yi Mini Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mini kai da sabulun salo, da ranar da na tafi birni aikin ido na dawo da ciki.

Bari in fara daga tushe. Ni na yi ajin yaƙi da jahilci (na fita da kaina, ba korata aka yi ba), don haka na san darajar takarda. Tun zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, na yanki katin asibiti guda na kafa doka a gidana: kati ɗaya, gida ɗaya. Wanda zazzaɓi ya kama ya zaro shi a aljihun babbar rigata ya tafi. Malaman ƙaramin asibitinmu na wajen Shagari sun san mu kamar yunwar cikinsu, sai su rubuta su ba da magani. In kati ya cika a liƙa masa wani. Wa aka cuta?

To sai yanar ido ta rufe mini gani, har na daina bambance albasa da ciyawa a fadama. Aka ce sai babban asibiti. Na ce a ba ni katina, sai aka ce ai yanzu an zuba komai a na'ura, bayanina zai riga ni isa. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Taubashina Ɗan Ige ne ya ja mini sanda, mutumin da bakinsa ya fi tashar Boɗinga yawan fasinja. Muka shiga wajen likita, yarinya ce sa'ar jikata. Ta gaishe ni da ladabi, ta duba na'ura, sai ta ɗago kai.

"Baba, an rubuta bara ka yi ƙyanda."

Na ce, "Allah ya kawo sauƙi."

"Kuma watan jiya ka zo awo. Ciki wata huɗu."

Ɗan Ige ya saki sandata ya dafa bango. "Taubashi! Shi ya sa kullum sai ka ce a ba ka tsamiya? Wa ad da cikin?"

Jama'a, ban taɓa son ƙasa ta tsage ba sai ranar. Cikin na matar autana ne, na fari, wanda ko uwar gidan ba ta furta shi da baki. Ni da ya kamata in ji labari ranar haihuwa in yi kamar ban ji ba, ga shi an karanta mini shi da watanninsa.

Amma ban ba da kai ba. Na ce, "'Yata, na'urarku ba ta da tarbiyya. Maganar cikin gida ce ta kwaso ta kawo birni."

Ta danne dariya ta ce, "Baba, nan jininka ya hau, nan ya sauka, nan akwai suga, nan babu. Wanne ne naka? Ba zan sa wuƙa a idonka da jinin mutanen gida ba."

Aka cire ni daga layin ranar, aka ce sai an sake auna ni daga farko. Kafin layi ya sake zagayowa kaina, albasa ta nuna wasu suka cire mini, ina zaune a zaure ana leƙowa ana tambayata ya nauyin jiki.

An dai yi aikin daga baya. Abin da na fara gani tar shi ne jaririn, goshinsa irin nawa sak. Ɗan Ige ya ce ai dole, tunda ni na ɗauki cikin.

Yanzu kowa a gidana da katinsa, har jaririn. Sai dai ku sani, ban yarda na yi kuskure ba. Abin da na koya kawai shi ne, in za ka haɗa sirri da na'ura, to ka bar taubashinka a gida.