Taɓaryar Zanzibar da Farin Leshin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da taɓaryar mutanen nan ba, ko da na so in manta, don matan unguwarmu a Gwandu ba za su bar ni ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau in na shiga gidan biki aka ga turmi a tsakar gida, sai wata ta ce, "Ku sauke ƙoren da ke sama, ga ta nan ta iso."

Abin ya faro ne daga ciwon baya. Likita ya duba ni ya ce ba wani magani sai hutu. Na ce to, na dawo gida na ci gaba da surfena. Da labari ya kai kunnen ɗiyata ta fari (ba na kiran sunanta, haka muka tashi, tun da aka kai ta gidan miji a Kalgo nake ce mata Ta-Kalgo), sai ta zauna da mijinta suka ƙulla abin da suka ƙulla. Shi yana aiki a Abuja, Allah ya buɗa masa, kuma dama ya daɗe yana son ya kai mahaifiyarsa wani tsibiri da ake kira Zanzibar ta sha iska. Sai aka ce a haɗa da ni. Uwaye biyu, Ta-Kalgo ce 'yar rakiya.

Mahaifiyar tasa, Hajiya Balki, mace ce da ta saba da jirgi kamar yadda na saba da murhu. An ce asalinta 'yar Wurogauri ce, amma ban taɓa jin sunan garin daga bakinta ba. Ba ta da mugunta, sai dai harshe. Ranar sunan jikana na farko na isa gidanta da sassafe, na tarar ba a share tsakar gida ba, na ɗauki tsintsiya. Ta dube ni a gaban mata ta ce, "Mutanen ƙauye dai ba su iya zama ba. Ko Makka aka kai su sai sun nemi tsintsiya." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Ban san maganar ta zauna a zuciyar Ta-Kalgo ba sai ana gobe za mu tashi, da ta ja ni ɗakinta a Kalgo ta tura ƙofa.

"Inna, abu guda nika roƙonki," ta ce. "Kwana biyar ɗin ga, kar ki taɓa aikin komi. Ko cokali ya faɗi ki bar shi nan."

Na ce, "To mi zan yi?"

"Ki zauna. Shi ne hutu. Inna, ni ka zama da ita, ba ke ba. In kinka yi wani abu, shekara goma ina jin shi."

Na yi mata alkawari. A raina na ce zama ai ba wuya.

Tafiyar kanta ta isa a ba mutum hutu. Mota zuwa Birnin Kebbi, jirgi zuwa Abuja, wani jirgin kuma, a sauke mu a wata ƙasa mu yini kan kujerun ƙarfe masu sanyi, sannan a sake kwasar mu. Abu ɗaya ya faranta mini rai a hanya: duk inda aka miƙo takarda, da hannuna na rubuta sunana, ba dangwale ba. Ajin yaƙi da jahilcin da na shiga bai tafi a banza ba. Amma kafin mu isa ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi.

Otal ɗin a bakin teku yake. Ni 'yar gulbi ce, na san ruwa, amma ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba. Turawa kwance birjik kan yashi a cikin rana kamar an shanya kifi. A ɗakina gado ne da zai ɗauki mutum biyar, an watsa masa furanni, an naɗe tawul an yi siffar agwagwa an ɗora a tsakiya. Kwana biyu ina goge jiki da zanena, don na ji nauyin warware aikin da wani ya zauna ya yi. Sai da Ta-Kalgo ta gani ta kama agwagwar ta wuya ta girgiza ta miƙo mini.

Nan na gane zama aiki ne, kuma ban iya shi ba. In na idar da sallar asuba sai in zauna in zuba wa hannuwana ido. Ba wuta, ba awaki, ba mai cewa Inna ina kaza. Da hantsi wata mata ke shigowa gyaran ɗaki, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da hijabinta. Mu yi sallama, ta duƙa tana shara, ni ina kan kujera na ɗage ƙafafu ta share ƙarƙashina. Ban taɓa jin nauyin ƙafafuna irin na lokacin ba. A wajen cin abinci a jera maka cokula kamar za a yi rabon gado, a kawo wani ƙwaron ruwa mai dogon gashin baki a ce shi ne abin marmari. (Na ci burodi da shayi, na yi ta tunanin tuwon shinkafa da miyar kuka.) Har wata aka kawo ta shafe mini baya da mai tana matsawa, ina kwance ina ce mata sannu, sannu da aiki, har ta gama.

Hajiya kuwa gwana ce. Ta kishingiɗa ƙarƙashin lema da baƙin tabarau, ta ɗaga yatsa ɗaya a kawo mata ruwan kwakwa. Takan waiwayo ta ce, "Mutuniyar Gwandu, ya hutu?" In ce, "Alhamdu lillahi." Wallahi ko ranar da na cashe buhu guda ban kwanta da gajiya irin ta kwana biyun nan ba.

Rana ta uku aka ce za a kai mu ganin al'adun mutanen gari. Hajiya ta fito cikin farin leshi tun daga goggoro har ƙasa. Aka zuba mu a mota da Turawa kamar goma, da wata mai yi mana jagora tana bayani da Turanci, Ta-Kalgo na juya mini. Aka fara da gonar kayan ƙamshi: ga bishiyar kanumfari, ga masoro yana hawa itace, ga citta. Wannan kam ya burge ni, don ban taɓa sanin kanumfari a bishiya yake ba. Daga nan aka kai mu wata rumfa ta ganyen kwakwa, ba ta da tsawo sosai, an jera benci. Na ɗaga kai na ga ragaya a rataye jere, kowace da ƙwarya cike da garin kayan ƙamshi, ana saukewa baƙi su sunsuna. Har na tuna ɗakin mahaifiyata. Na gani da idona, wannan ba zan yi musu ba. Hajiya ta zaɓi bencin gaba, inda inuwa ta fi kyau, ta zauna.

Sai aka mirgino abin da muka keto sararin sama don mu gani. Turmi ne. Turmi da taɓarya biyu, da shinkafar da ba a cashe ba. Turawa suka miƙe suna ɗaukar hotonsa ta kowane gefe. Na sunkuyar da kai don kar a ga bakina.

Wata mata 'yar garin ta ɗan daka a hankali don a samu hoto, daga riƙonta na san ta iya, tausaya wa baƙi kawai take yi. Sannan aka ce kowa ya zo ya gwada. Wani dogon Bature ya kama taɓarya kamar zai haƙa rami, ya soka ta a gefe, shinkafa ta yi tsalle ta zube a ƙasa. Aka tafa masa. Matarsa ta karɓa ta zubar da nata rabon. Aka tafa mata. Ni kuwa kowace ƙwaya ta faɗi sai in ji ta a ƙirjina. Mu da muke tsince shinkafa ɗaya-ɗaya a masussuka.

Jagorar ta hango ni ta yi murmushi ta yi magana. Ta-Kalgo ta ce a hankali, "Wai ko za ki gwada. Ce mata kin gode, Inna."

Hajiya ta ce, "A ƙyale ta, hutu ta zo."

Na ce na gode. Na riƙe hannuna da ɗaya hannun. Sai wata ta uku ta tashi, ta buga bakin turmi, ya karkata, kusan rabin shinkafar ya kife.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji Ta-Kalgo ta kama gefen mayafina, na ji ya zame ya bar mata. Na gyara wa turmin zama, na tattara abin da ya zube na hure na mayar, na ɗaura ɗankwali a ƙugu, na karɓi taɓarya. Da na sauke ta sau uku, matar nan 'yar gari ta dube ni, na dube ta. Ba mu jin yaren juna, amma ta ɗauki ta biyun. Ta sauke, na sauke. Ta sauke, na sauke. Turmi ya fara amsawa yadda ya kamata. A kwana ukun nan wannan ne karon farko da na ji numfashina ya daidaita. Na manta da alkawari, na manta da Hajiya, na manta a ƙasar wa nake.

Wanda ya san lugude ya san hannu ba ya shawara da kai. Na cilla taɓarya na tafa sau ɗaya na cafe. Turawa suka ɗauki sowa. Ni da ban saba a yaba mini a kan daka ba, sai kaina ya ɗan kumbura (ina faɗa ne don Allah ya yafe mini). Na ce bari in nuna musu na 'yan matan Gwandu. Na cilla ta sama sosai don in samu tafi biyu.

A gida, sama ce kawai a bisa turmi. A nan ragaya ce.

Na ji ƙwas. Taɓarya ta dawo na cafe ta, don hannu ya saba, a daidai lokacin da bayana ya ce ƙas shi ma. Ƙwaryar kuwa ta juya a iska ta juye duk abin da ke cikinta a bencin gaba. Garin kurkum ne.

Da ƙurar ta lafa, sai ga Hajiya Balki zaune yadda take, ba ta motsa ba, ta rine ta koma rawaya tun daga goggoro har takalmi. Ta sa hannu a hankali ta cire tabarau. Idanunta kaɗai suka tsira, da'ira biyu a cikin fuska. Ta yi atishawa sau uku. Dogon Baturen nan ya fara tafi, ya ɗauka cikin wasan ne, sai da matarsa ta riƙe masa hannu. Ni ina tsaye a karkace da taɓaryar mutane, na kasa miƙewa na kasa duƙawa. Ban dubi Hajiya sosai ba. Ɗiyata na duba. Tana riƙe da mayafina, ta zuba wa ƙasa ido, kuma na san shekara goman nan take lissafawa.

Muka koma mota. Duk inda Hajiya ta jingina sai ta bar shaida.

Bayan la'asar na lallaɓa ina dafa bango na je ɗakinta. Na same ta a baranda ta yi wanka, amma kunnuwanta da gefen wuyanta suna nan rawaya. Leshin na cikin kwando. Na durƙusa iyakar yadda baya ya bari na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Laifina ne, yarinyar nan ta hana ni. Ki ba ni kayan in wanke."

"Wani aikin kuma?" ta ce. "Zauna. Kurkum ba ya fita."

Na zauna. Ta juya wajen teku. Can ta ce, "Tafi nawa kinka yi?"

Na ce, "Biyu."

"Biyu." Ta taɓe baki. "Ni a Wurogauri uku nika yi kafin in cafe. Amma mu muna duba sama tukuna."

Na ɗago na dube ta. Ta juya tafin hannunta tana kallo, duk zobba. Ta ce, "Tun da Baturen ga ya kama taɓarya hannuna ke ƙaiƙayi. Da ba ki tashi ba, 'yar'uwa, da ni na tashi. Kin gan ni nan ƙarƙashin lema, na gaji da kwanciyar ga tun ran da munka zo. Yaro ya yi ɗawainiya, shi ya sa nika daurewa."

Sai ta fara dariya, irin ta wanda ya gaji, har da hawaye. Ni ma na fara, bayana na hana ni. Muna cikin haka na ji motsi a bakin ƙofa. Ta-Kalgo ce tsaye da man zafi a hannu, ban san tun yaushe ba. Hajiya ta ce, "Ke kuma shigo ki shafa wa uwarki, kin tsaya kina kallon mutane kamar ba ki taɓa ganin surukar da anka rina ba."

Sauran kwana biyun a kwance na yi su, ko juyi sai an taimake ni. Hutun da likita ya ce, a ƙarshe dai na yi shi.

Kafin mu sauka Gwandu bidiyon ya riga mu isa. Jagorar ce ta ɗauka ta tura wa Hajiya, Hajiya kuma da kanta ta raba wa dangi. Malam, maigidana, ya tare ni a zaure da waya a hannu ya ce, "An ce mini hutu anka kai ki. Ashe ƙodago kinka tafi ƙasar waje."

Yanzu in Hajiya ta zo Gwandu, a tsakar gida take zama kusa da murhu, ta tuɓe zobba ta taya ni tsince shinkafa. Ta-Kalgo ta ce maganar tsintsiya ba ta sake tashi ba. Maganar kurkum ce dai ba ta kwanta ba, kuma wannan ni ke ɗauke da ita, ba yarinyar ba, don haka na yarda.

Na shiga aji da furfurata na koyi karatu da rubutu, amma har yau ban ji inda aka buɗe ajin koyon zama ba. In an buɗe a rubuta sunana, da na Hajiya. Kafin nan, abin da na iya ɗauka daga Zanzibar ɗaya ne: duk inda aka miƙo mini taɓarya, sai na ɗaga kai na duba abin da ke rataye, da kuma wadda ke zaune a ƙarƙashinsa.