Rasuwar Tagwayen Birkin da Gishiri Ya Cinye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa da ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, ni Wendell Haugen nake sanar da 'yan uwana masunta rasuwar tagwayen birkin diram na tirelar da muke ɗora jirgin ruwanmu a kai mota ta ja, na dama da na hagu. Sun cika ranar Asabar a gangaren da ke sauka zuwa tashar jiragen garinmu, nan gaɓar tekun Oregon. Ba mutuwar kwance suka yi ba. Kashe su aka yi, kuma wanda ya kashe su yana cin abinci a gidana duk Lahadi.

Mahaifina, marigayi Arvid, shi ya ɗaura su da hannunsa tun ina saurayi. Ƙarfe ne mai nauyi, kamar tukwane biyu a kife, masu rufa wa cikinsu asiri. Ba su da surutu. In ka taka, sai su ce ƙiii a hankali, tirela ta tsaya cak. Abu ɗaya suka roƙa a duniya: in an fito da tirela daga teku, a zura musu tiyo a wanke cikinsu da ruwan famfo, domin tukunya riƙe ruwan gishiri take yi. Baba kan wanke su kafin ya wanke hannunsa. Matata Marlys ta daɗe tana mita wai kowa ya koma birkin faifai, ni na rungume tukwanen babana. Na ce mata muddin ina numfashi, ba mai taɓa su.

Ciwon ajali ya same su a hannun Duane, ƙanin Marlys. Ya ari tirelar a ƙarshen kamun ƙaguwa, ya tsoma ta a teku birkin na da zafi, ya jingine ta bayan garejinsa har sanyi ya wuce, ko ɗigon ruwan famfo bai ba su ba. Da ya dawo da ita na tambaye shi, sai ya ce, “Haba suruki, ai ruwan sama ya wanke su.” Ruwan sama! Ta wace ƙofa zai shiga, sakarai?

Ranar Asabar ina tsaye a ƙasa bakin ruwa, Marlys ta jawo jirgin da a-kori-kura. A tsakiyar gangaren ta taka birki. Na dama bai ce uffan ba, ashe ya daɗe da mutuwa. Na hagu ya ce ƙarrr, ya cije, taya ta yi hayaƙi ta fashe. Tirela ta lanƙwaso ta daki motar a haƙarƙari, ta jefa ta cikin tarin kejin ƙaguwa. Hancin jirgin ya ɓarke gilashin baya ya tsaya daf da kunnen matata. Wallahi ban san na iya gudu haka ba.

Na fizge ƙofa na same ta jini har haɓa, gilashi cike da gashinta, kafaɗa a karye. Ta dube ni ta ce, “Wendell, gadon babanka ya gaishe ni.”

Wankan gawa bai zo da sauƙi ba. Tsatsa ta manne su, suka ƙi fita. Na gasa su da wutar walda, na zage su, na nemi gafararsu, sannan na ɗauko babbar guduma na dinga narka musu har na haɗa da yatsana. Na hagu ya tsage biyu. Cikinsa jan taɓo ne zalla, wayoyin da ke riƙe da shi suna marmashewa a hannu. Ana cikin haka Duane ya shigo da kwalbar giya, ya leƙa ya ce, “Ai da ma sun tsufa.” Haƙorinsa ɗaya yana nan a garejina, in yana so ya zo ya ɗauka.

Marigayan sun bar taya ɗaya mai lafiya, da sarƙa, da fitilar baya da ke ci in ta ga dama. Sun kuma bar magada, wato birkin faifai guda biyu, farare tas, komai nasu a waje, ba kunya ba kara. Ruwa na shiga yana fita abinsa. Ba na son su ko kaɗan. Jiya na gwada su a gangaren nan, Marlys na gefena hannu a rataye. Na taka, jirgi ya tsaya ko motsi babu. Sai dai na daɗe ban iya ɗaga ƙafata daga kan birkin ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da cikar teku. Duane ne zai ɗauki gawarwakin biyu a ƙasa, tun daga saman gangaren har bakin ruwa, kuma kada wanda ya kama masa. Daga nan za mu fita da jirgi zuwa bayan dutsen da muka watsa tokar gawar Baba. A can za a ɗaura su jikin kejin ƙaguwa su zama nauyin da ke riƙe shi a ƙasa, kamar yadda masunta suka saba yi da tsohon ƙarfe. Ba a bukatar furanni. Mai son yi musu sadaka ya je gida ya zura wa tirelarsa tiyo.

Baba, ga kayanka nan na dawo maka da su. Marlys kuwa sai ka yi haƙuri, ba yanzu za ta zo maka ba, da sauran kwananta.