Ranar da Na Fassara "Da Sauƙi"

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah shaida ne na yi ƙoƙarin mantawar. Ranar ce na tsaya a gaban mataccen pompo, wato famfon ruwa, rana na dukan ƙeyata, ina fassara wa baƙuwa kalma biyu na Hausa zuwa Faransanci. Kalmomin ba masu wuya ba ne, duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san su. Ni ne dai, da takardun karatuna da tabarau, na yi wata biyu ina jin su kowace Litinin ban gane ba.

A lokacin ina aiki da wani furoje, wato shirin samar da ruwan sha, biro ɗinmu, ofis ke nan, a nan Madarumfa. Furojen ya kafa pompo na hannu a ƙauyuka wajen talatin, daga ɓangaren Gabi zuwa Sarkin Yamma. Aikin sashenmu shi ne mu san wanne ke ba da ruwa, wanne ya lalace, a tura makaniki, sannan a rubuta wa manya na Yamai rapor, wato rahoto. Ni sabon zuwa ne, an ɗauke ni gwaji na wata shida.

Kafin in zo, Madam Saratu ce ke riƙe da wannan aikin. 'Yar Maraɗi ce, Kirista, ta haura hamsin, tana da tsohon babur da wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Kullum da safe sai ta ɗora hular kwano a kan ɗankwali ta kama hanya. In ta isa ƙauye sai an shimfiɗa tabarma, an gaisa, an sha fura, an leƙa mai jego, sannan a zo kan zancen pompo. Ƙauye uku take yi a yini in ta yi sauri. Rapor ɗinta kuwa da hannu take rubutawa, har da labarin wanda saniyarsa ta faɗa rami, kuma sai ya yi wata bai kai Yamai ba.

Ni kuma na zo da abin da na koyo a wani horo na mako biyu, wanda muke kira tablo. Allo ne a ordinatar, wato kwamfuta, da ke tattara bayanan aiki ya zana su yadda ido zai gani nan take. Na ɗora taswirar yankinmu, kowane ƙauye ya zama ɗigo. Ɗigo kore, pompo lafiya lau. Rawaya, yana tangal-tangal. Ja, ya mutu, a tura makaniki. Shef ɗinmu, wato shugaban biro, zai danna ya gani a kujerarsa, na Yamai su ma su gani a daidai wannan lokacin. (Har gobe ba na zagin tablo, abu ne mai kyau. Abin da ka zuba masa shi yake nuna maka, ni ne na zuba masa shirme.)

Sai Shef ya tara mu ya ce a zagaye na gaba na furojen kujera ɗaya ce kawai za a bari a sashenmu. Kujera ɗaya, mu biyu. Ni ga sabon aure, ita ga shekara goma sha biyu tana shan ƙurar hanya. Daga ranar na daina ganin Madam Saratu a matsayin abokiyar aiki, na koma ganin ta a matsayin wadda ta tare mini ƙofa.

Don in nuna babur ba shi da sauran amfani, na ƙirƙiro wata dabara, har na raɗa mata suna "kiran minti ɗaya". Kowace Litinin zan kira shugaban kwamitin ruwa na kowane ƙauye, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, in danna launi, in wuce na gaba. A taron da na gabatar da dabarar, na miƙe ina gyara wuyan riga na ce gaisuwa ce ke cinye wa ƙasar nan lokaci.

Madam Saratu ta ce a hankali, "Ƙanena, mutanen nan ba su hwara magana sai an ƙare gaisuwa. Abin da ka ji da hwarko ba shi ne labarin ba. Ga littahina, ka ɗan duba, kowa da yadda yake magana."

Na ce, "Tanti, ki riƙe abinki. Ordinatar ba ta shan hura."

Aka fashe da dariya, har da Shef. Ita kuwa ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai a ranar, kuma yanzu duk lokacin da ta faɗo mini sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu. Ba a yi wata ba aka ce ta ajiye babur ta zauna biro tana jera takardu, kuma kwangilarta in ta ƙare ba za a sabunta ba.

To, a cikin ƙauyukan akwai wani can bayan Gabi, shugaban kwamitinsu wani dattijo ne, Baba Ɗan Jimma. Ga yadda kiranmu ke tafiya, kusan kalma da kalma, kowane mako:

"Salamu alaikum Baba, ni ne na furoje. Yaya pompo?"

"Wa alaikumus salamu, ɗana. Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali, ya..."

"Lafiya lau Baba. Pompon fa?"

"To... da sauƙi, alhamdu lillahi. Dama dai..."

"Madalla, sai wani mako."

Ƙit, in kashe, in danna kore. Mako takwas muna haka. A tsakiyar mako nakan ga ya yi mini bip, wato ya kira ya katse don in kira shi, wani lokaci sau uku a rana. Sai in ce tsohon nan hira yake nema, kuma ai yau ba Litinin ba ce. Tablona ba shi da gurbin bip.

(Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ranar da mahaifina ya rasu a asibitin Maraɗi, da safe ƙanwarsa ta kira ni ta tambayi jikinsa, ina tsaye ina kallon yadda numfashi ke yi masa wuya, na ce mata, "Da sauƙi." Da bakina na faɗa. Na san abin da kalmar ke nufi sarai, amma da na zauna gaban ordinatar sai na bar Hausata a waje tare da takalma.)

Ana nan sai ga baƙuwa daga Yamai, wakiliyar masu ɗaukar nauyin furojen, Bazabarma ce, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Na haska tablo a jikin bango. Ranar ko wuta ba a ɗauke ba, ita da ke tafiya kullum ba sallama. Na yi bayani, na danna nan na danna can, ɗigo na ƙyalli, aka tafa mini. Sai baƙuwar ta tashi ta ɗora yatsa a kan ɗigo ɗaya. Ta ce ta lura sauran ƙauyuka sukan yi rawaya su dawo, amma wannan mako takwas yana kore bai motsa ba. A kai ta ta ga yadda suke kula da pomponsu, don sauran su yi koyi.

Na ce da farin ciki. Ni na fara shiga mota, har na zauna gaba. Shef da baƙuwar suna baya, Madam Saratu ta takure a gefensu da littafinta, don ita kaɗai ta san hanya.

Tun kafin mu isa muka fara gamuwa da amalanken shanu cike da jarkoki, mata na biye da tuluna a ka, suna fitowa daga wajen wani tafki da ya kusa ƙafewa. Baƙuwar ta tambaya ina suke kai wannan jan ruwan. Ban ko yi tunani ba na ce na dabbobi ne da yaɓen ɗaki. Madam Saratu ta juya tana kallon gonaki ta taga.

Muka tsaya a bakin pompo. Simintin da ke kewaye da shi ya bushe ƙayau, wata ta baza kuɓewa a kai tana shanya. An ɗaure akuya a jikin hannun pompon. A bakin da ruwa ke fita kuwa zanzaro ya gina ɗakinsa, ya gama, har ya yi shafe. Baƙuwar ta matsa ta danna hannun sau biyu, ya yi wani ƙara, akuyar ta amsa masa. Ko ɗigo bai fito ba.

Baba Ɗan Jimma ya iso cikin babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Wannan karon babu wayar da zan kashe, aka yi gaisuwa tun daga kwana har zuwa zafi da dabbobi. Da aka gama Shef ya ce, "Baba, yaushe pompon ga ya tsaya?"

"Tun kahin azumi, ranka shi daɗe."

Ni da ya kamata in yi shiru sai na zabura. "Haba Baba! Kowace Litinin ina kiranka, kai da bakinka kake ce mini da sauƙi!"

Tsohon ya dube ni. Da fushi ne a idonsa da na fi so, amma tausayi na gani. Ya ce, "Ɗana, kai ba Bahaushe ba ne? Mai lahiya aka ce ma da sauƙi? In na ce maka da sauƙi, kai sai ka ce, subhanallahi, mi ya same shi? Ni kuma in hwaɗa maka. To kahin in buɗe baki ka kashe. Ina tarbar ka da mugun labari tun ba mu gaisa ba?"

Wata tsohuwa daga cikin matan da suka taru ta ɗaga murya ta ce, "Ku hwaɗa mishi ɗiyanmu sun sha zawo, biyu har likita anka kai su."

Baƙuwar ta dubi Shef ta tambaya da Faransanci me tsohon ya ce. Shef bai ko kalle ni ba ya ce, "Kai ne mai tablo. Fassara."

Na fassara. Na ce mata dattijon yana ce mini "da sauƙi", ma'anarsa abin ya ɗan yi dama. Ta ce, ya yi dama daga me? Na ce daga ciwo. Ta ce, wato kalma ce da ake faɗa wa marar lafiya? Na ce e. Ta ce, to me ya sa ka sa kore? Matar da ba ta jin Hausa ta gane a cikin daƙiƙa biyar abin da ya gagare ni wata biyu. Na cire tabarau na goge, na mayar. Akuyar nan ma ta daina cin kuɓewa tana kallona.

Da na waiga, Madam Saratu tana zaune a tabarma cikin mata, suna ce mata, "Saratu, kin yada mu, ko lahiya?" Ba ta nuna ni da yatsa ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Kafin mu koma mota ta san sandar cikin pompon ce ta katse, ta kira makaniki, ta gaya masa abin da zai riƙo. Kwana uku ruwa ya dawo.

Na koma biro na fara haɗa tarkacena a kwali, ina jiran takardar kora. Takarda ta zo daga Yamai, amma ba ta kora ba ce. An yaba wa tablo, an ce ya kawo ci gaba wajen bayar da rapor, sai dai a ƙara kula da ingancin bayanan da ake zuba masa. Layi ɗaya ke nan, shi ne duk hukuncina. Aka tabbatar da ni a kujerar. Madam Saratu kuwa kwangilarta ta ƙare ƙarshen wata kamar yadda aka tsara, aka yi mata ɗan taron ban kwana da lemo da biskit.

Zan so in ce muku na shiga wurin Shef na ce a bar ta, ni in tafi. Na je har bakin ƙofarsa da wannan niyyar, na ƙwanƙwasa, ya ce mene ne, na ce tawadar injin buga takarda ta ƙare.

Ranar da ta tafi na tarar da littafin nan mai baƙin bango a kan teburina. Na buɗe shafin ƙauyen Baba Ɗan Jimma. A can sama, da tsohon rubutu wanda har ya fara dushewa, ta sa: "In ya ce da sauƙi, a tafi da makaniki." Littafin da ta miƙo mini a gaban mutane ke nan, na ce ta riƙe abinta.

Yanzu kiran minti ɗaya yini biyu yake cinye mini. Ina tambayar kwana, gajiya, iyali, shanu, har da ƙafar da ke damun tsohuwar gida, sannan in yi shiru in jira "dama dai". A ƙauyukan kuwa suna ya bi ni, Mushe Da Sauƙi. (Mushe dai a nan haka ake kiran ɗan boko don girmamawa, amma na san ɗaya ma'anar suke nufi.)

Watannin baya na gamu da ita a kasuwar Maraɗi, tana zaune a rumfar 'yarta tana ɗura man gyaɗa a kwalabe. Na so in zame, ta riga ta gan ni. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta tambayi matata da sunanta. Sannan ta ce, "Ya aikin, ƙanena?"

Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Da sauƙi, Tanti."

Ta ajiye kwalbar, ta jawo mini benci. Ta ce, "Ayya. Zamna. Mi ya same shi?"

Na zauna. Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba: in Bahaushe ya ce maka da sauƙi, kada ka kashe waya, yanzu zai fara magana. Ni kuwa in ka je Yamai ka buɗe tablon ma'aikata, ɗigona na nan kore shar, bai taɓa motsawa ba.