Ranar da Manjo Ya Ci Gonar Hannah da Yaƙi

Duk Mubi babu mai ƙirji irin na Manjo Mubashshir Yaji mai ritaya. Lambobin yabo ne jere a kai, tun daga kafaɗa har inda tumbi ya fara. Da ya ajiye kaki bai ajiye su ba, sai ya sa tela ya mayar da su kan babbar riga. Kafin ka gan shi ka ji shi. Shi ya sa mu masu sauke masa siminti a shagonsa na Sabon Layi muke kiransa Kacau-Kacau, idan ya ba da baya.

Jarumi ne babu shakka, don da bakinsa ya faɗa. Ya yi yaƙi a ƙasashen da sunayensu ke canzawa duk sa'ad da ya maimaita labarin.

Bana ya ce kujerar ciyaman yake so. Masu zaɓen ɗan takara na wajen ƙauyen Sahuda suka ce su manoma ne, ba sa bin wanda bai san ƙotar fartanya ba. Manjo ya yi dariya har lambobin suka amsa. Ya sayi gona ta waya a hannun dillali, ya tura 'yan ƙwadago suka shuka dawa. Shi bai je ba. Babban hafsa ba ya zuwa leƙen asiri da ƙafarsa.

Da ciyawa ta taso ya kira gayya, ya kayar da sa. Mutane suka taru da fartanyu, ya jera su sahu-sahu, ya busa usur.

"Yau ba noma za mu yi ba, farmaki ne! A fagen daga kwamanda ke magana, soja ya ce yes sa. Duk wanda ya buɗe baki ba izini, babu shi babu nama."

Aka ƙetare mayo, wato rafi, aka kai wata tsamiya. Gonarsa tana dama. Manjo ya ɗaga sanda ya yi hagu.

Baba Dokas, dattijon manoman, ya matso. "Ranka ya daɗe, wannan gonan..."

"Wa ya ba ka izini?"

"Babu."

"To, koma layi!"

Baba Dokas ya koma, ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji oda."

Ban taɓa ganin gayya ta yi zafi kamar ta ranar ba. Kowa ya san gonar Hannah ce, wadda mijinta ya rasu bara, ga ciwon baya, har ta fara cewa bana ta bar wa ciyawa. Aka duƙa, babu mai ɗagowa. Manjo kuwa yana kan kujera a gindin tsamiya, da madubin hangen nesa, yana duban gonar da ke tsallaken hanya.

"Ku dubi waccan! Ciyawa ta shanye dawa. Mai ita rago ne, ɗan rago. Da a bariki ne, a gadirum zai kwana. Irinsa ne suka hana ƙasar nan ci gaba. Ƙarya na yi?"

Gayya duka ta amsa, "Yes sa!" sai da tsuntsaye suka tashi.

Aka gama, aka cinye sa. Wajen la'asar sai ga Hannah tana dogara sanda. Ta ga kunyoyinta fes, ta durƙusa tana hawaye.

"Baba Soja, Allah ya biya ka. Wa ya gaya maka gonan nawa ya gagare ni?"

Manjo ya dube ta, ya dubi tsallaken hanya. Ranar ce kaɗai na ji lambobin nan sun yi tsit. Can ya gyara murya.

"Dabarar yaƙi ce. Tun farko haka na tsara."

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Ranar fid da ɗan takara mutanen Sahuda suka ce wanda bai san hanyar gonarsa ba, ta ina zai gane hanyar rijiyarsu? Suka bi wani. Gonar ragon kuwa, shanun makiyaya suka yi mata shara.

Amma a yi masa adalci. Dawar Hannah ta yi kyau, kuma duk zamansa a garin nan shi ne aikin da ya taɓa yi wa wani. Shi ya sa yanzu idan ya wuce ta kasuwa yana kacau-kacau, tsofaffin mata ke ɗaga masa hannu.

"Baba Soja, sannu da aiki! Baɗi idan za ka ɓata, don Allah ka ɓata ta wajen gonana."